Surukina Yana Ajina, Ga Shi Ya Juya Taswira

Malam Inusa, don girman Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka ba ni ita kafin kaka. In aka yanke gero ban yi komai ba, mutuncin wani dattijo zai zube a bainar jama'a, alhali maganin abin yana bakina na kasa furtawa.

Ni saurayi ne ɗan Dogon Dutsi. Bara, wato 1955, na gama karatun malanta aka dawo da ni gida ina koyar da yara a lakwal, wato makarantar boko. Da rani ya shigo sai darakta ya ƙara mini ajin manya, wanda ake yi tsakanin la'asar da magariba. Akwai teloli a ciki, da 'yan tireda, da tsohon soja, da wani mahauci mai suna Ɗantala. Sai kuma mutumin da nake rubuto maka saboda shi. Ba zan iya sa sunansa a takarda ba, kuma ba don ɓoyo kaɗai ba ne, hannuna ne ba zai yarda ba: shi ne mahaifin yarinyar da zan aura. An kai gaisuwa, an karɓa, an sa rana bayan kaka. Zan kira shi Baba. Sauran sunayen da za ka gani na sauya su.

Baba dillalin gidaje ne. Duk baƙon da ya sauka garin nan yana neman inda zai kwanta, ko fatake, ko ma'aikacin bariki da aka turo daga Dosso ko Yamai, ko mai son karɓar jinginar gona, wurinsa ake kai shi. Ina so ka san irin mutumin, don kada ka ɗauka tsoro kawai nake ji. Tun ina yaro nake ganinsa da sassafe yana zaga unguwa da sandarsa, yana ƙwanƙwasa azara ya ji ko gara ta ci cikinta, yana leƙa indararo. Ranar da aka yi ruwa mai yawa kowa yana ɗaki, shi yana waje da malafa yana duba inda ruwa ya kwanta da inda ya wuce. Wannan da idona na gani, ba sau ɗaya ba. Ba ya ɓoye aibin gida don la'ada. Akwai wani gida kusa da wata tsamiya da mutane ke cewa doguwa na zaune a kanta. Da wani ma'aikacin gidan likita, ɗan Dahome, ya zo nema, Baba ya gaya masa maganar tsamiyar tun kafin su shiga zaure. Mutumin ya yi dariya ya kama gidan. Ni ban ce akwai doguwa ba, ban ce babu ba, abin da na sani shi ne an gaya masa.

Kuma bai taɓa daina koyo ba. An ce mini, domin wannan ban gani ba, ya yi rani guda yana bin masu haƙar rijiya ba don lada ba, don dai ya san inda ruwa yake kusa a ƙarƙashin garin. Ya koyi Zabarmanci wurin direbobi, ya koyi Fillanci wurin masu tallar nono, har gaisuwar Yarabawa ya iya. Da labari ya zo cewa kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasarmu, zai yanka sabuwar unguwa a bayan gari, fili-fili, kowane da lambarsa a takarda, shi ne ya fara zuwa ya zauna a bencin yara da furfurarsa. Ɗantala ya tsokane shi wai gwiwarsa ba za ta shiga ƙarƙashin tebur ba. Baba ya ce masa shi dai ya yi ta kansa, ya koyi rubuta sunansa ko takardun Bature sa huta da maiƙon babban yatsansa. Da aka rufe lakwal don hutun damina, Baba ne ya tara sauran suka roƙi darakta kada a tsayar da nasu ajin.

To a nan wahalata ta fara. Ranar farko da na shigo aji duk suka miƙe, yadda ake yi wa mushe, wato malamin lakwal, shi ma ya miƙe. Malam, ban san yadda na kai gaban allo ba. Tun daga ranar nake riga kowa zuwa, don kada wani ya tashi mini. Ba na iya tsayuwa gabansa da takalmi, sai in tuɓe in ajiye bayan ƙofa, in ce zafi ne. Ɗantala kullum sai ya tambaye ni, yana kallon rufin ɗaki, ko yau ma ƙafar mushe na ciwo. Ina kiran kowa da sunansa, ban da shi. In na yi tambaya ina bin layi, sai in tsallake shi kamar ban gani ba. Ina duba allon kowa in gyara, nasa ban taɓa ɗauka ba. Shi ma yana taya ni: can baya yake zama kusa da ƙofa, idonsa a kan allonsa, bai taɓa yi mini tambaya ba, sai dai ya raɗa wa na kusa da shi, shi kuma ya tambaya. A haka ya iya lambobi sarai, ya iya haɗa baƙaƙe, ya fi da yawa daga cikin matasan. Na yi ta gaya wa kaina ai tunda yana ganewa, shirun nawa bai cuce shi ba.

Ga abin da ya faru. Mai awon ƙasa ya zo da bazara ya kafa turaku a sabuwar unguwar, ya koma. Bai rubuta lamba a jikin turakun ba, an ce sai ya dawo bayan kaka. Amma an manna taswirar a bangon ofishin kumandan, domin kowa ya zaɓi lambar da zai nema. Baba ya yi kwanaki yana zuwa yana kwafe ta da hannunsa a babbar takarda, layi-layi, lamba-lamba. Na ga kwafin daga nesa, daga baya kuma na gan shi kusa, babu kuskure ko ɗaya a lambobin. A gefen taswirar akwai wata kibiya. Kai ka san abin da take nufi: arewa take nunawa. Ranar da na koyar da wannan a aji Baba ba ya nan, ya tafi Tibiri raba gardamar wata katanga.

Wata rana bayan an tashi, na gan shi ya shimfiɗa takardar a ƙasa a filin lakwal yana yi wa Ɗantala bayani. Ina tsaye bayan ƙofa da takalmina a hannu, ina jira su tafi. Sai na ga ya daidaita kibiyar ta dubi inda muke duba in za mu yi salla. Na ji abin da ya ce, kuma ga shi yadda ya fito daga bakinsa: “Ko Nasara ya san ba a aza gida sai an san gabas. Ga ta nan sun yi mata kibiya.”

Wato a wurinsa babu dalilin da zai sa mutum ya zana kibiya a takardar gini in ba alƙibla yake nunawa ba. In ka duba, ai tunanin mai hankali ne. Amma sakamakonsa shi ne duk unguwar ta juya a hannunsa: abin da yake arewa ya koma gabas, abin da yake gabas ya koma kudu. Filayen kuwa murabba'i ne, duk girmansu ɗaya, layukan sun yi kama da juna ta kowane gefe, babu rijiya ko itace da aka zana, saboda haka babu abin da zai tsaya masa a ido ya ce masa a'a.

Ban yarda da kaina ba da farko. Na koma ofis na sake duba ta bangon na kwafe ta, na tambayi akawu ba tare da na faɗi dalili ba, ya ce arewa ce. Na je filin da hantsi na tsaya da nawa kwafin, na bi inuwa, na ƙirga layukan turaku ta kowane gefe. Babu shakka a ciki.

Da abin a aji ya tsaya da ban dame ka ba. Akwai wani Bafillace makiyayi, Ja'afaru, wanda yake son ya zaunar da tsohuwarsa a gari kusa da gidan likita, domin ƙafafunta sun gaji da yawo. Ya ce wa Baba yana son wuri mai tudu a bakin unguwa, wanda ƙofarsa za ta dubi daji, yadda shanun tatsa za su shigo ba sai sun ratsa gidajen mutane ba. Baba ya kai shi gefen kudu ya nuna masa wuri, kuma wurin ya dace ƙwarai, a nan bai yi kuskure ba. Sai ya duba takardarsa ya ba shi lambar da zai nema. Lambar nan ta gefen gabas ce, a kwari, daidai inda ruwa ke gangarowa daga dutse ya kwanta. Wurin da Baba da kansa yake hana mutane gini tun kafin a haife ni. Na san mutum uku da ya ba lamba bayan Ja'afaru, mai yiwuwa sun fi haka, ukun dai su na tabbatar. Ba a rubuta sunan kowa ba tukuna, sai mai awon ya dawo. Ranar kuwa a gaban sarki da kumandan da duk gari za a kira lamba a kai mutum kan turkensa. Ina rufe ido in ga Baba tsaye da takardarsa, ana jan Ja'afaru zuwa cikin kwari.

Kada ka ce ban gwada komai ba. Na maimaita darasin kibiya a kan allon bango, na faɗa da Faransanci na faɗa da Hausa, ina kallon taga. Baba ya gyaɗa kai tare da kowa. Washegari na hango shi a kasuwa, takardar tana shimfiɗe tana duban gabas yadda take. Na yi tunanin in rubuta masa 'yar takarda ba suna, sai na tuna karatunsa bai kai ba tukuna, wani zai kai wa ya karanta masa. Ɗantala kuwa in ya ji da safe, kafin azahar duk mai sayen nama ya ji. Na gaya wa yarinyar, Zalihatu, ta bakin ƙawarta. Ta aiko mini cewa ita ɗiyar fari ce, tsakaninta da mahaifinta gaisuwa ce kawai, kuma wai ashe mushen da ke tsawata wa yara sittin bai iya buɗe baki gaban tsoho ɗaya ba. Na je wurin darakta, wanda ba ɗan ƙasar nan ba ne, na ba shi labarin kamar na wani. Ya ce ɗalibi ɗalibi ne ko da sarki ne, a kira shi gaban allo a gyara masa. Bai san abin da yake cewa ba.

Malam, in na yi magana, ina tsoron a ce yaron da aka ba ɗiya tun bai ɗauke ta ba ya fara koya wa ubanta gabas. Ina tsoron ya ji kunya ya bar ajin, shi da ya fi kowa son karatun. In na yi shiru, sunan da ya yi shekara da shekaru yana ginawa zai rushe rana ɗaya, a ce tsufa ya kama shi, ko a ce ya ci amanar Bafillace, kuma ƙarshenta zai gane cewa na sani. Wace hanya zan bi?

Naka,
Sabon Mushe, Dogon Dutsi

*

Sabon Mushe, na karanta takardarka, na yi dariya a wurin takalmi, amma daga nan ban ƙara yi ba. Ka kwantar da hankalinka. Abin da ka kawo yana da gyara, tunda ba a rubuta sunan kowa ba.

Da farko, ba zan ce maka kunyarka wauta ce ba. Ita ce ta nuna gidan da ka fito, kuma ina jin tana cikin abin da ya sa aka ba ka yarinyar. Daraktanku ya faɗi rabin gaskiya: wanda ya zo aji gyara ya zo nema. Sauran rabin da bai sani ba shi ne, in ka tsayar da dattijo gaban allo a idon mahauci da teloli, ka gyara taswira ka ɓata zumunci. Wannan kada ka yi.

Amma ka saurare ni da kyau. An yi kunyar suruki don ta tsare masa mutunci ne. Ranar da ta zama ita ce za ta zubar da shi, ta tashi daga kunya ta koma cuta. Kuma ba Baba kaɗai ke cikin maganar ba. Akwai tsohuwa mai ciwon ƙafa da za a gina wa ɗaki a hanyar ruwa, ita ba surukar kowa ba ce a cikinku, ba ta ci kunyar kowa ba. Haƙƙinta yana wuyan duk wanda ya sani ya yi shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka yi ta neman ƙofa ta bayan gida, ƙawa da takarda marar suna, ka manta da ƙofar da al'ada ta buɗe maka da kanta. Wa ya kai maka gaisuwa gidan Baba? Akwai wani babba, baffanka ko kawunka, wanda ya zauna da shi tabarma ɗaya suka yi maganar aurenka. Aikinsa bai ƙare ranar ba. Duk maganar da ta fi ƙarfin bakinka tsakaninka da surukinka, ta bakinsa take bi. Ka je ka same shi a makon nan, ka shimfiɗa masa naka kwafin a tsakar gida har sai shi ma ya gane. Shi zai je ya ce wa Baba yaron nan yana da magana a kan takardar filaye, nauyi ya hana shi, yana roƙon a fita da shi filin.

Ku fita ku uku kawai, da safe, ranar da ba kasuwa. Ka lura da kuskurenka na malanta: ka koyar da kibiya a jikin bango, inda sama take sama, ƙasa take ƙasa, babu gabas babu arewa. Mutumin da ya koyi sana'arsa da tafin ƙafa, a ƙasa zai gane. Ka durƙusa, ka fara da abin da yake gaskiya, cewa kwafinsa ba shi da aibi ko ɗaya. Sa'an nan ka ce su Turawa ba alƙibla suke nufi da kibiyar ba, arewa suke nufi, haka al'adarsu take a kowace taswira, kuma ranar da aka faɗi haka a aji ba ya nan. Ka tsaya nan. Kada ka ambaci Ja'afaru, kada ka ambaci kwari. Ka bar shi ya juya takardar da hannunsa. Mutumin da ka kwatanta mini, kafin ka ɗaga kai ya riga ya ga inda kowace lamba ta faɗa, kuma shi ya san yadda zai bi mutanensa ɗaya-ɗaya ya gyara. Dillalin da ya dawo ya ce na duba na ga ba haka ba ne, daraja yake ƙarawa, ba raguwa ba. In ka ga bai gane ba, to ka sake faɗa a fili. Kada ka bar filin nan da maganar a cikinka.

Zai yiwu ransa ya sosu. Zai yiwu ya yi kwana biyu bai zo aji ba, ko ya amsa gaisuwarka a taƙaice. Ka jure, kada ka bi shi da ban haƙuri kamar ka yi laifi. Ban yi maka alkawarin zai gode maka da baki ba, surukai ba su cika yi ba. Amma wanda ya bi masu haƙar rijiya rani guda don ya san abin da bai sani ba, ba shi ne zai fasa ba da ɗiya don an nuna masa arewa ba.

Abu na ƙarshe, kuma a nan zan ɗan ja maka kunne. Tsallake shi da kake yi a aji ba ladabi ba ne kaɗai, tauye shi ne. Da kana duba aikinsa kamar na kowa, da wannan bai kai haka ba. Ba sai ka kira sunansa ba, ba sai ka dubi idonsa ba. Ka sa a riƙa tara alluna duka a kan teburinka, ka gyara nasa a cikinsu, a mayar wa kowa. Wanda kuma ya yi fashi, ko wane ne, a maimaita masa abin da ya wuce shi. Ta haka kunya ta samu nata, karatu ya samu nasa.

Kada ka jira gero ya nuna. Gara ya ji daga bakinka kana durƙushe, ku uku a daji, da ya ji daga bakin tafintan kumandan yana tsaye a gaban gari.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya ƙara wa Baba basira da tsawon rai, ya zaunar da tsohuwar Ja'afaru a kan tudu. Allah ya sa a yi biki lafiya, ya ba ku zaman alheri.

Malam Inusa